Karatun littafi na kare ƙwaƙwalwa daga mantuwa? Ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shekarata 43, ina zaune a Fagge. Tun da na gama difloma rabona da in karanta littafi daga farko har ƙarshe. Mahaifina ya fara mance sunayen jikokinsa, wani lokaci ya yi salla ya ce bai yi ba. Abin yana ba ni tsoro, domin ni ma nakan mance inda na ajiye makulli ko alƙawarin da na yi da kwastoma. Na ji ana cewa karatu na kare ƙwaƙwalwa, kuma wai duk waɗanda suka yi nasara a rayuwa masu yawan karatu ne. Na sayi littattafai, amma da na buɗe bayan isha'i, kafin shafi biyu barci ya kwashe ni, ko in tsinci kaina a WhatsApp. Da gaske karatu na da wannan amfani? In haka ne, ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka maka da alheri kan kulawar da kake yi masa.

Bari in fara da shi, domin nasa ya fi gaggawa. Mun saba kiran wannan hali gigin tsufa, a ce ai shekaru ne, a bar tsoho a ɗaki. Mance sunan jikoki da rikicewa a kan salla na iya zama alamar ciwo, kuma ya kamata likita ya gan shi. Wasu daga cikin abubuwan da ke kawo irin wannan mantuwa suna da magani, kamar ƙarancin sinadarin bitamin B12 a jiki, ciwon damuwa, ko illar wani magani da yake sha. Ku kai shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko wani babban asibiti, ku tafi da duk magungunansa a leda, har da na gargajiya. Kai kuwa, mance makulli ga mai shekara 43 da ke ɗauke da lissafin shago, bashin mutane da kuɗin makarantar yara a kansa, yawanci gajiya ce da rabuwar hankali. Abin da ke sa mu damu shi ne mutum ya fara ɓata a hanyar da ya saba bi, ko lissafin da yake yi da ka shekara da shekaru ya fara gagararsa, ko ya riƙa maimaita tambaya ɗaya a zama ɗaya.

Yanzu ga batun karatu. Yaro na koyon magana da kansa muddin yana jin mutane, amma karatu sai an zaunar da shi an koya masa, domin ƙwaƙwalwa ba ta zuwa duniya da wurin da aka keɓe wa haruffa. Idan mutum ya koyi karatu, wani yanki a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, can ta baya, wanda aikinsa gane siffofin abubuwa, shi ne ke ƙwarewa wajen gane rubutu, ya kuma ƙulla hanya da wuraren da ke kula da sauti da ma'anar magana. Masanin ƙwaƙwalwa ɗan Faransa Stanislas Dehaene da abokan aikinsa sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutum 63 'yan Burazil da Fotugal, suka fitar da sakamakon a 2010. Abin da ya fi burge ni a aikin shi ne waɗanda suka koyi karatu da girmansu, irin na ajin yaƙi da jahilci, su ma an ga wannan sauyi a tare da su. To kai da ka riga ka iya, ka dai daɗe ba ka yi ba ne, shekara 43 ba ta yi maka latti ba ko kaɗan.

Game da mantuwar tsufa, binciken da nake yawan kawo wa mutane shi ne na Robert Wilson da ƙungiyarsa a Jami'ar Rush da ke Shikago a Amurka, wanda ya fito a 2013. Sun bi tsofaffi 294, suna gwada tunaninsu kowace shekara har suka rasu, sannan aka duba ƙwaƙwalwarsu. Waɗanda suka riƙe karatu da rubutu da makamantansu a tsufansu, raguwar tunaninsu ta yi jinkiri da kashi 32 cikin 100 idan aka kwatanta da matsakaita. Waɗanda ba safai suke yi ba kuwa, tasu ta fi sauri da kashi 48. Kuma wannan bambanci bai gushe ba ko bayan an yi la'akari da yawan illar da ciwo ya yi wa ƙwaƙwalwar kowannensu. Wato za ka samu mutum biyu da lalacewa iri ɗaya a cikin ka, ɗaya ya rikice, ɗaya yana nan yana harkokinsa. Ka tuna ranar hawan salla idan aka rufe manyan tituna a cikin birni: baƙo tsayawa yake yi cak, amma ɗan unguwa da ya san lunguna sai ya bi ta nan ya ɓulla ta can. Ƙwaƙwalwar da aka daɗe ana aiki da ita lunguna take tarawa, ranar da ciwo ya toshe wata hanya sai ta samu wata.

Sai dai kada in sayar maka da abin da ba haka yake ba. Irin wannan bincike lura ne da rayuwar mutane, yana nuna alaƙa mai ƙarfi, amma ba ya ba kowa tabbaci. Mun ga manyan malamai da farfesoshi da wannan ciwo ya kama. Kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet, a rahotonsa na 2024, ya lissafa abubuwa 14 da in an magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon mantuwa a duniya. Ƙarancin ilimi na ciki, amma tare da shi akwai hawan jini, ciwon suga, shan taba, ƙiba, rashin motsa jiki, kaɗaici, da raunin ji ko gani da aka bari ba kulawa. Ɗan kasuwar da ke wuni a zaune a shago, yana shan lemon kwalba yana cin mai maiƙo, bai taɓa auna jininsa ba, ko littafi nawa ya karanta bai yi wa ƙwaƙwalwarsa adalci ba. Ka auna jininka da suga a wannan makon, kafin ma ka buɗe littafin.

Barcin da ke kwashe ka bayan shafi biyu ba lalaci ba ne. Mutumin da ya fita tun safe, ya wuni cikin hayaniyar Kwari, ya sha cunkoso a hanyar gida, ya ci tuwo, jikinsa na bin sa bashin barci, kuma gara ya biya, domin a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana. Lokacin ne bai dace da kai ba. Sannan ka duba idonka. Daga shekara 40 zuwa sama ido kan fara kasa ganin ƙananan rubutu na kusa, mutum ya riƙa miƙa takarda nesa, kansa ya yi nauyi, ya ɗauka karatu ne ba ya so. Gilashin karatu mai sauƙin kuɗi kan warware wannan. Waya kuma ta saba maka da sabon abu duk bayan daƙiƙa kaɗan, shi ya sa shafi ɗaya ke yi maka tsawo. Wannan sabo ne, kuma sabo na canzawa.

Hanyar da zan ba ka ba sai an je nesa an aro ta ba, tana nan a garin nan tun ƙarnoni. Ka dubi karatun zaure, irin wanda unguwanni kamar Madabo suka shahara da shi. Ɗalibi na zuwa a lokaci sananne, bayan asuba ko tsakanin magariba da isha'i, a wuri sananne. Ba ya ɗaukar shafi talatin. 'Yan layuka malam ke biya masa ya fassara. Kafin a yi masa ƙari sai ya kawo na jiya. Yana farawa da ƙaramin littafi, sai ya sauke shi sannan ya hau na gaba. Kuma ba shi kaɗai ba ne, akwai abokan karatu da za su tambaya in ba su gan shi ba. Da wannan tsari tela da maƙeri da ɗan kasuwa suka sauke manyan littattafan fiƙihu ba tare da sun bar sana'arsu ba. Da yawa daga cikin abubuwan da masana ɗabi'a da koyo suka gano daga baya suna cikinsa.

Saboda haka ka ɗaura karatunka a jikin abin da ba ya wuce ka. Mafi dacewa a wurinka bayan sallar asuba ne, in ka gama azkar, kafin gida ya tashi, lokacin da akwai haske ko da babu wuta. Minti goma sha biyar ya isa da farko. Ka ajiye littafin inda kake zama, wayar kuma ta kwana a wani ɗaki, kada ka taɓa ta sai ka rufe littafi. In asuba ba ta yiwu ba, akwai lokacin da kasuwa ke lafawa bayan azahar. Ka tsaya tun kana marmarin ci gaba, domin wannan marmarin ne zai dawo da kai gobe. Kada ka sa ran abin zai zame maka jiki cikin mako biyu. Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan sun bi mutanen da ke ƙoƙarin kafa sabuwar ɗabi'a, a binciken da ya fito a 2009, suka ga matsakaicin lokacin kwana 66 ne, wasu kwana 18, wasu har 254. Sun kuma ga tsallake rana ɗaya ba ya rushe ginin. Ranar da biki ko rasuwa ko tafiya Legas ta hana ka, washegari ka ɗora daga inda ka tsaya.

Abin da ya fi muhimmanci a tsarin zaure, wanda masu karatun boko suka fi sakaci da shi, shi ne kawo na jiya. Kafin ka buɗe littafi, ka tambayi kanka me na karanta jiya, ka faɗe shi da bakinka ko ka rubuta layi biyu. Masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun nuna a 2006 cewa ɗaliban da suka rufe takarda suka yi ƙoƙarin tuno abin da ke ciki sun fi waɗanda suka yi ta maimaita karantawa riƙewa bayan mako guda. Wahalar tunowar ita ce ke kafa abu a ka. Ka ba maiɗakinka labarin abin da ka karanta, ko yaran shago, ko abokan majalisa. A wurin bayanin ne za ka gane inda ka fahimta da inda ka wuce kawai.

Me za ka karanta? Abin da ranka ke so, cikin harshen da ba ya wahalar da kai. Mutane da yawa sun ɗauka sai littafin Turanci mai kauri ne karatu, su saya, ya gagare su, su yanke ƙauna. Fara da Hausa in ta fi maka sauƙi: tarihi, sira, labari. Ban yarda da raina littattafan ƙagaggun labarai ba. Matan Kano da yawa sun riƙe su shekaru da dama, kuma bin labari mai mutane goma da dangantakarsu aiki ne ga ƙwaƙwalwa. Ana yawan tambayata ko tilawa ta wadatar. Tilawa ibada ce, ladanta na wurin Allah, hadda kuma aiki ne babba ga tunani. Ta fuskar da muke magana dai, ƙwaƙwalwa ta fi motsawa da abin da yake sabo gare ta, don haka mai tilawar surorin da ya haddace tun yarinta, in ya ƙara da tafsirinsu ko ya ɗauki sabuwar hadda, ya haɗa riba biyu. Takarda ko waya? Masana a Sifen sun tattara bincike 54 a 2018, suka ga fahimtar rubutun ilimi ta ɗan fi kyau a takarda, a labari kuwa babu wani bambanci sosai. A wurinka ina ba da shawarar takarda, domin wayar ita ce ke janye ka.

Maganar cewa duk mai nasara mai yawan karatu ne, akwai ƙari a ciki. A Kwari ɗin nan akwai alhazan da ba su yi boko ba, amana da haƙuri da sanin mutane suka kai su inda suke. Kuma yawancin littattafan sirrin arziki da ake shigo da su an rubuta su ne don kasuwar Amurka, ba su san bashin amana ko yaron shago da za a sallama ba. Amfanin karatu ga ɗan kasuwa ya fi wannan kusa. Wanda ya saba zama da shafi har ya fahimce shi, shi ne zai karanta takardar rancen banki ko yarjejeniyar hayar shago har ƙasa kafin ya sa hannu. Shi ne zai gane abin da ke motsa farashin dala, da dokokin kwastan da haraji, tun kafin jita-jita ta cika layi. Ka nemi abin da aka rubuta kan sana'arka da garinka: yadda fatake irin su Alhassan Ɗantata suka juya daga fataucin goro zuwa gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ko dalilan da suka durƙusar da masaƙun Bompai da Sharaɗa da Challawa har kayan waje suka mamaye kasuwar da kake ciki. Mai sayar da atamfa zai tsinci darasi a nan fiye da na kowane littafin zaburarwa.

Tsadar littattafai gaskiya ce, amma akwai mafita. Ɗakin karatu na Murtala Muhammad yana nan a titin Ahmadu Bello. Littattafan addini suna Kurmi, na boko sababbi da na hannu ana samu a Sabon Gari. Ka nemi mutum uku ko huɗu a layinku ku yi adashen littafi: kowa ya sayi ɗaya, ku riƙa musanya, ku ware rabin awa a mako kowa ya faɗi abin da ya karanta. Waɗanda ka riga ka saya kuma, ka zaɓi mafi ƙanƙanta a cikinsu ka fara da shi, sauran ka ɗauke su daga gabanka sai ka sauke wannan.