Abin da ke bin sojojin waje ya tafi idan an janye su

Ɗan'uwa, ka tambaya ko janye sojojin da wata ƙasa ta girke a ƙasar ƙawarta yana jefa mai masaukin cikin haɗari da gaske. Yana jefawa, amma ba don ƙarancin masu riƙe da bindiga ba. Ka dubi abin da ya bi sojojin ya tafi.

A farkon 2021 sojojin Amurka da suka rage a Afghanistan kusan 2,500 ne kacal, kuma ba su ne ke tsaye a shingayen bincike ba. A bayansu ne ƙarfin yake: jiragen yaƙi, jirage marasa matuƙa masu leƙen asiri dare da rana, da dubban 'yan kwangila masu gyaran jirage. An gina rundunar Afghanistan ta yadda ƙaramin sansani zai zauna can bisa dutse, abinci da harsashi su riƙa zuwa masa ta jirgi mai saukar ungulu. Shi kuwa jirgi irin Black Hawk, bayan wasu sa'o'i na tashi dole a ajiye shi a duba, a canja kayan da suka gaji. Da makanikan suka tattara nasu ya nasu, jirage suka fara zama a ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Soja ya yi ta kira a rediyo, babu mai kawo harsashi, babu mai ɗaukar abokinsa da ke kwance yana zubar da jini. Sai dattawan gari su zo da saƙon Taliban: ku ajiye makamai ku koma gida lafiya. Haka gundumomi suka riƙa faɗuwa, da yawa ba tare da an gwabza ba, har Kabul ta faɗi ranar 15 ga Agusta.

Kwatanta da Tarayyar Soviet a ƙasa ɗayar nan. Ta gama kwashe sojojinta a Fabrairun 1989, amma ta ci gaba da aiko da man fetur, makamai da kuɗi. Gwamnatin Najibullah, shugaban Afghanistan na lokacin, ta yi shekara uku tana tsaye, sai da Tarayyar ta ruguje taimakon ya yanke sannan ta faɗi a Afrilun 1992. A ganina wannan ne babban ma'auni.

Akwai kuma tsoron da zaman sojojin ke sa wa maƙwabci. Ko bataliya ɗaya ce, mai niyyar kai hari ya san zai taɓa jinin babbar ƙasa, kuma ba za ta yi shiru ba. Amurka ta janye dakarunta daga Koriya ta Kudu a tsakiyar 1949, ta bar 'yan masu ba da shawara, rundunar da ta bari kuma ba ta da tankokin yaƙi. Ranar 25 ga Yuni 1950 ta Arewa ta tsallako iyaka da tankoki. A Iraƙi Amurka ta fita a Disamban 2011, birnin Mosul ya faɗa hannun ƙungiyar 'yan ta'adda ta ISIS a Yunin 2014, ko da yake rikicin siyasar cikin gida yana da babban kaso a wannan. Ba kullum ake ƙarewa da jini ba: Amurka ta bar sansanin Keflavik na Iceland a 2006, ƙasashen NATO suka shiga karɓa-karɓar tsaron sararin samaniyar ƙasar, aka zauna lafiya.

Yadda ake fitar ma yana kashe mutane. Tsarin da hankali ya yarda da shi: fararen hula da ma'aikatan gida su fara fita, sai manyan kaya, abin da ba zai ɗauku ba a lalata shi ko a miƙa shi da rubutaccen lissafi, sojojin da ke gadin filin jirgi su zama na ƙarshe. A Afghanistan an bar babban sansanin jiragen sama na Bagram mai titin jirgi biyu a farkon Yulin 2021, aka dogara da filin Kabul mai titi ɗaya a cikin gari. Dubban mutane suka cunkushe a ƙofofi, ranar 26 ga Agusta ɗan ƙunar baƙin wake ya kashe sojojin Amurka 13 da 'yan ƙasar kusan 170. Sanar da ranar fita tun da wuri, kamar yadda yarjejeniyar Doha ta 2020 tsakanin Amurka da Taliban ta yi, yana koya wa abokin gaba haƙuri, su kuma kwamandojin gida kowa ya fara neman wanda zai yi wa mubaya'a gobe.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne tafintoci, direbobi da masu kawo bayanan sirri. Fuskokinsu sanannu ne a unguwa, sunayensu na cikin takardun albashi da kwamfutocin da aka bari a baya. Takardar izinin tafiya tana ɗaukar watanni ko shekaru, janyewa kuwa makonni ne. In ba a fara kwashe su da iyalansu tun kafin a sa ranar fita ba, su ake fara bi gida-gida.