Hukuncin Gwajin Suga da Karya Azumi ga Wanda Sugansa Ya Faɗi

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, maigidana direba ne, yana jigilar fasinja tsakanin Jos da Abuja, kuma yana da ciwon suga, yana shan Daonil. Idan yana azumi, wajen la'asar sai ya kama karkarwa da zufa, amma ba ya yarda ya gwada jininsa, wai huda yatsa yana karya azumi, kuma ba ya yarda ya sha komai sai an kira magariba. Mene ne hukunci? Daga wata 'yar'uwa a Anguwar Rogo.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba maigidanki lafiya, ya saka miki da alheri.

Huda yatsa domin gwajin suga ba ya karya azumi, domin ɗigon jini ne yake fita, babu abin da ya shiga ciki. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi ƙaho yana azumi, kuma Ibn Abi Zaid ya faɗa a cikin Risala cewa ba a karhanta ƙaho ga mai azumi sai idan ana tsoron ya raunana shi. Ko Hanbalawa da suke ganin ƙaho yana karya azumi, malamansu irin su Ibn Usaimin sun bayyana cewa ɗan jinin gwaji bai shiga wannan hukunci ba. Saboda haka ya gwada ko sau nawa likita ya ce, musamman tsakar rana da bayan la'asar, da duk lokacin da ya ji jikinsa ya sauya.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙin karya azumin. Likitoci sun yi bayani cewa idan na'urar gwajin suga ta nuna ƙasa da 70 a ma'aunin mg/dL, wato 3.9 a na'urar da take aiki da ma'aunin mmol/L, suga ya faɗi, kuma Daonil da allurar insulin suna cikin magungunan da suka fi jawo haka, domin suna ci gaba da aiki ko da ciki babu komai. Karkarwa, zufa mai sanyi, bugun zuciya da gani dishi-dishi su ne farkon lamarin. Idan aka ƙyale shi, ƙwaƙwalwa ce take rasa abincinta, sai mutum ya rikice, ya suma, wani lokaci ma ya rasa ransa. Shehu Khalil ya ce a Mukhtasar ɗinsa shan azumi yana halatta ga marar lafiyar da yake tsoron ƙaruwar cuta, yana kuma zama wajibi idan ya ji tsoron halaka ko cutuwa mai tsanani. Allah ya ce kada ku jefa kanku cikin halaka (Baƙara, aya ta 195). Don haka da zarar sugansa ya sauka ƙasa da 70, karya azumi wajibi ne a kansa, ko da saura minti goma a sha ruwa, kuma idan ya dage to yana da laifi, ba lada ba. Idan babu na'ura a kusa amma alamomin da ya sani sun bayyana, ya karya, ba sai ya jira gwaji ba. Haka ma zai karya azumin idan suga ya haura 300.

Al'amarinsa ya ma fi na sauran marasa lafiya nauyi, domin mutumin da yake gangarowa Hawan Kibo da mota cike da mutane, ido yana dishi-dishi, ba ransa kaɗai ya ɗauko ba, kuma babu wanda ya ba shi iznin sayar da rayukan fasinjoji. Ga shi kuma matafiyi ne, Allah ya riga ya yi masa rangwame ta fuska biyu a aya ta 185 ta Baƙara.

Idan sugansa ya faɗi, ya tsaya a gefen hanya, ya sha babban cokali ɗaya na suga a ruwa, ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi, ya sake gwadawa bayan minti 15, ya maimaita idan bai hau ba, sannan ya ci abinci kafin ya kama tuƙi. Idan ya suma, kada ku ɗura masa komai a baki domin zai iya shaƙewa. Ku kwantar da shi ta gefe, ku garzaya da shi asibiti.

Ramuwa kawai zai yi, rana ɗaya madadin rana ɗaya, babu kaffara. Ya je wurin likitansa kafin Ramadan domin a duba ko za a sauya masa magani ko lokacin shansa, kada ya rage da kansa. Idan amintaccen likita ya tabbatar ba zai iya azumi ba har abada, sai ya ciyar da miskini mudun Nabi ɗaya a kan kowace rana, wanda mustahabbi ne a wurin Malikawa, wajibi a wurin mafi yawan malamai. Wallahu a'alam.