Man zaitun mai maƙaƙi a wuya: ya lalace ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Maigidana ya kawo mana man zaitun daga Jauf a nan Saudiyya, amma idan na zuba a ful (dafaffen waken Larabawa) sai in ji ɗaci, ga maƙaƙi a wuya har sai na yi tari. Na baƙala (kantin unguwa) da muka saba saye kuwa lami ne. Ko algus aka yi mana?
Daga wata uwargida, Misfala, Makka

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Don Allah kada ki zubar da shi. Ɗacin nan da maƙaƙin su masana ke nema a sabon mai. Wani sinadari ne da ake kira oliyokantal ke kawo maƙaƙin, kuma ya fi yawa a man da aka matse daga ɗanyen zaitun tun yana kore. Yankin Jauf shi ne cibiyar noman zaitun a ƙasar nan, ana girbi a ƙarshen shekara, to mai yiwuwa sabon matsa kika samu.

Ki gwada shi da kanki, ba tare da burodi ba. Ki zuba cokali ɗaya na cin abinci, wajen mililita 15, a finjali mai tsabta. Ki riƙe gindin finjalin da tafi ɗaya, ki rufe bakinsa da ɗayan na minti ɗaya ko biyu ya yi ɗumi. Masu gwaji kan kai shi digiri 28. Ki buɗe ki shinshina. Mai kyau zai ba ki ƙanshin ciyawar da aka yanka yanzu, ko ganyen tumatir. Sai ki kurɓi kaɗan, ki juya shi a baki, ki zuƙi iska ta tsakanin haƙora, sannan ki haɗiye. Ɗacin a harshe yake fitowa, maƙaƙin kuma sai bayan an haɗiye. Idan za ki gwada na baƙalar ma, ki kurkure baki da ruwa tukuna.

Lalataccen mai warinsa daban yake: irin na tsohuwar gyaɗa da ta daɗe a buhu, kuma yana barin maiƙo a dasashi. Iska da haske da zafi ne suka cinye shi. Idan tsami kika ji kamar na khal (binega), ko warin fumfuna, zaitun ɗin ne ya kwana a tare kafin a matse shi. Launi kuwa ba hujja ba ne, shi ya sa masu gwaji ke amfani da shuɗin kofi don kada ido ya ruɗe su. Haka ma sa shi a firji a ga ko zai daskare, ba ya tona algus.

Ki duba jikin kwalbar baƙalar. "Bikr mumtaz" (da Larabci, man da aka matse ba a tace ba) shi ne lamba ɗaya, asid ɗinsa bai wuce kashi 0.8 cikin ɗari ba. Idan "zait zaitun" kawai aka rubuta, galibi tataccen mai ne aka gauraya da ɗan bikr, shi ya sa yake lami. Ya isa suya.

Abin da ya fi damun mu shi ne ajiya. Zafin Makka ba ya raga wa mai, sai ka ga kwalba mai tsada a gefen murhu ko kan taga. Ki juye kaɗan a ƙaramar kwalba mai duhu don amfanin yau da kullum, sauran ki toshe shi sosai a kabad mai sanyi, ki ƙarar da wanda kika buɗe cikin wata biyu zuwa uku. Idan ɗacin ya yi wa yara yawa, ki zuba shi a kan ful yana da zafi, da ɗan gishiri da lemun tsami.