Murjanin teku da aka lalata zai iya farfaɗowa?

Tambaya: Malam, na ji a rediyo cewa murjanin teku yana mutuwa saboda ayyukan ɗan Adam. Shin ɓarnar za ta gyaru, ko bakin alƙalami ya riga ya bushe?

Amsa: Malama, wata ɓarnar tana gyaruwa, wata kuwa ta fi ƙarfin masu gyara. Da farko, murjani ba dutse ba ne, ƙananan dabbobi ne masu rai da ke gina tsaunukan farar ƙasa a ƙarƙashin ruwa. (Jan murjanin da iyayenmu mata ke sawa a wuya danginsu ne, amma ba shi ke gina tsaunukan ba.)

Inda cutar ta gida ce, wato ƙazantar gari ko kamun kifi fiye da kima, teku yana da saurin yafiya. A gaɓar Kaneohe ta Hawaii, da aka daina zuba ruwan najasa a ƙarshen shekarun 1970, murjanin ya sake tsirowa. A Cabo Pulmo ta Meziko, masunta da kansu suka nemi a killace wurin, aka yi hakan a 1995. Daga 1999 zuwa 2009 jimillar nauyin kifayen wurin ta ƙaru da fiye da kashi 400 cikin 100.

Zafi ne babbar matsalar. A jikin murjani akwai wasu ƙwayoyin gansakuka da ke ba shi abinci da launi. Idan ruwa ya ɗara zafin da ya saba da digiri 1 kacal na tsawon makonni, sai murjanin ya fitar da su, ya yi fari fat. A lokacin bai mutu ba tukuna, yunwa yake ji; in ruwan ya huce da wuri yakan murmure. Amma ko nau'in da ya fi saurin girma yana buƙatar shekara 10 zuwa 15 kafin ya cike gurbin wanda ya mutu. To, dubi babban tsaunin murjani na Ostareliya, mai tsawon kusan kilomita 2,300: ya yi fari a 2016, 2017, 2020, 2022 da 2024. Yaushe zai huta?

Ana renon murjani a dasa shi kamar dashen tumatir, kuma ban raina aikin ba. Sai dai a ganina ana zuzuta shi, domin a 2023 zafin ruwan Florida ya kashe da yawa daga abin da aka dasa.

Kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta a 2018 cewa in ɗumamar duniya ta kai digiri 1.5 sama da yadda zafinta yake kafin zamanin masana'antu, za a rasa kashi 70 zuwa 90 cikin 100 na murjanin da ke gina tsaunuka a tekunan duniya. In ta kai digiri 2, sama da kashi 99. Tazarar nan ta rabin digiri, hayaƙin kwal da fetur da gas da ake ƙonawa a doron ƙasa ne zai yanke ta.