Dakata da fenti, kuma kada ka jona shi da wuta tukuna

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce ka buɗe akwatin marigayi baffanka ka tarar da jirgin ƙasa na wasa ƙirar Hornby Dublo, kan jirgin ba ya motsi, ƙafafun tarago biyu sun tsattsage, fenti ya ɗaɗɗaye, kana tambaya ko ka kai wa mai fenti sannan ka gwada shi da wuta. Allah ya jiƙan baffa. Don Allah kada ka yi ko ɗaya yanzu.

Kamfanin Meccano na Libaful a Ingila ne ya fara Dublo a 1938, injinsa kuma wutar DC, irin ta batir, mai ƙarfin volt 12 yake sha, tamu ta gida kuwa 230 ce. Haka na rasa taransifomar wani jirgin wasa ƙirar Lionel ta Amurka, wadda aka yi don 110: na jona ta kai tsaye, sai hayaƙi. Har yau abin yana mini ciwo.

Rashin motsin bai tayar mini da hankali ba. Galibi tsohon giris ne ya daskare, ƙurar hunturu ta bi ta like shi. Ka goge da auduga da ɗan sifirit, ba tare da ya taɓa fentin ba, sannan ka ɗiga man keken ɗinki da bakin tsinke, kaɗan ƙwarai. In ka kai wa mai gyaran rediyo, ka tsaya kansa kada ya zare kwayil ɗin da ke juyawa daga cikin maganaɗisun, domin tsohon maganaɗisun nan yana rasa ƙarfi da an raba su.

Ƙafafun ne abin damuwa. Ƙarfen zubi ne na zinki, kuma idan dalma ta shiga haɗin tun a masana'anta, bayan shekaru sai ya kumbura daga ciki, ya tsage, ya marmashe kamar busasshen ƙuli-ƙuli. An fi ganin haka a na kafin Yaƙin Duniya na Biyu. Ba gam, ba walda, sai canji. Laima ce ke hanzarta shi, saboda haka bushewar Sakkwato tana taimakonmu, amma da damina kada ka bar akwatin a ƙasa. Taragon roba kuma a nisanta shi da rufin kwano, zafin Afrilu yana lanƙwasa shi.

Nan garin da ko dogo bai iso ba, ya tsaya Ƙauran Namoda, ba shagon da za ka samu ƙafa. Shi ya sa ba na zubar da karyayye, nakan ma saye shi don in ciri kayan gyara.

Fenti kuwa ban yarda ba sam. Masu tara kayan nan sun fi daraja na asali mai tabo a kan wanda aka sabunta, kuma tabon nan hannun baffanka ne ya yi shi. Burushi mai laushi ya wadatar.

Ɗauko mana hoton ƙarƙashin kan jirgin da na layin, mu ga ko mai ƙarfe uku ne ko mai biyu da suka fara a 1959. Ina da 'yan ƙafafu a gwangwani, in sun dace ka zo Mabera bayan la'asar mu gwada.