Hukuncin Zane da Ƙwayoyin Halitta Masu Rai

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai karatun kimiyyar ƙananan halittu a Turai. Wata ƙungiyar masu fasaha ta nemi in taimaka musu a baje kolin da za su yi, inda za a zana hotuna da bakteriyar da aka sauya wa ƙwayoyin gado, wato abin da ke ɗauke da siffofin da halitta ke gada, don ta riƙa ƙyalli. Suna kuma maganar nan gaba a gwada da kifi. Ya halatta in shiga, ko wannan yana cikin canza halittar Allah?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Dukkan yabo ya tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Wanda ya fi yin suna a wannan fanni shi ne Eduardo Kac, ɗan asalin Brazil mazaunin Amurka. A shekarar 2000 ya tallata wata zomanya mai suna Alba, wadda aka samar a wata cibiyar binciken noma a Faransa. An sanya mata ƙwayar gado ta wata halittar teku, don haka tana ƙyallin kore idan aka haska ta da shuɗin haske. Ita wannan ƙwaya ba abin wasa ba ce, da ita masana ke bin sawun abin da ke faruwa a cikin jiki mai rai, har mutum uku suka sami lambar Nobel saboda ita a 2008. Kayan aikin ɗaya ne, abin da aka nufa da shi ne ya bambanta.

Masu haramta komai a dunƙule suna kafa hujja da Suratun Nisa'i aya ta 119, inda Shaiɗan ya sha alwashin umartar mutane su canza halittar Allah. Sai dai ba kowane canji ayar ke nufi ba, in ba haka ba da manomin da ya yi wa mangwaro aure ya yi laifi. A cikin Risala, Ibn Abi Zaid ya ce babu laifi a dandaƙe tumaki da awaki saboda naman yana gyaruwa, amma an hana dandaƙe dawaki. Ka ga aiki iri ɗaya, maslaha ta raba hukuncinsa. A kan wannan turba Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta tafi a zamanta na Jidda a 1997: ta haramta kwafo ɗan Adam, wato samar da mutum kwafin wani daga ƙwayar jikinsa, ta halatta sarrafa ƙwayoyin gado a ƙananan halittu da tsirrai da dabbobi gwargwadon abin da ke jawo amfani ya kuma kawar da ɓarna. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmi ta Duniya da ke Makka, ta yi makamancin haka a 1998.

To, shin ado yana cikin amfani? Yana ciki. A Suratun Nahli aya ta 8 Allah ya ce ya halitta dawaki da alfadarai da jakuna don hawa da ado. Saboda haka zane da bakteriya a faranti, ko fure da aka sauya wa launi, ban ga abin da ya hana shi ba, matuƙar ƙwayar ba mai cutarwa ba ce, aka kuma hallaka ta bayan an gama yadda ƙa'idar ɗakin gwaji ta tanada. Amma a kula da abin da za a zana. Ibn Abbas ya ce wa mai sana'ar zane, in dole sai ya yi, to ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Kar kuma a rubuta aya ko sunan Allah da ita, tunda ƙarshen farantin kwandon shara ne.

Maganar dabba daban ce, kuma nan ne nake tsanantawa. Kafin a sami dabba ɗaya irin zomo da ta fito yadda ake so, an tatsi ƙwai daga uwa, an yi wa wata tiyata an dasa mata, 'ya'ya da yawa sun lalace ko an zubar da su don ba su ɗauki ƙwayar ba. Mai kallo a zauren baje koli ba ya ganin wannan. Shari'a tana jure irin wannan wahala idan magani ake nema, kamar yadda ta jure yanka don abinci. Amma don a tafa? Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ga jakin da aka yi wa lalas a fuska, sai ya tsine wa wanda ya yi masa. Ibn Umar ma ya tarwatsa samarin da suka ɗaure tsuntsu suna harbi, ya ce Annabi ya tsine wa mai mayar da abu mai rai abin gwada harbi. Abin da nake rinjayarwa shi ne haramcin ƙirƙiro dabba ta wannan hanya don kallo kawai, kifi ne ko zomo. Jikin mutum kuwa ya fi tsanani. Wani mai fasaha a Ostireliya, Stelarc, ya sa an dasa masa siffar kunne a hannu. Wannan haramun ne ba tare da ja-in-ja ba, domin jikinka amana ce ba mallakarka ba.

Akwai kuma niyya. Wasu daga masu wannan fasaha suna kiran kansu masu halitta. Hadisi Ƙudsi a Bukhari da Muslim ya ƙalubalanci irinsu, su halicci ƙwayar zarra ko ƙwayar sha'ir in sun isa. Duk abin da suka yi ɗauko wani abu ne daga wata halitta su kai wata. Idan bayanin da za a liƙa a jikin aikin yana da'awar kishiyantar Mahalicci, kar sunanka ya shiga ciki.

Ka karɓi aikin bakteriyar bisa waɗannan sharuɗɗa, ka karanta rubutun da za su rataya kafin a buɗe zaure, ka kuma faɗa musu tun yanzu cewa ba da kai ba a na kifin. Allah ne mafi sani.