Amsa ga mai tambaya kan fesuwa hamsin mai ƙuraje

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na ga hoton kwandalar fesuwa hamsin ta Ghana ta 2007 da ka ce an ba ka canji a tasha a unguwar Nima da ke Accra, wadda ta yi ja ta kuma fito da ƙuraje, kana tambaya ko kuskuren gidan buga kuɗi ne. Ka yi haƙuri, a ganina tsatsa ce. Waɗannan kwandaloli ƙarfe ne aka lulluɓe da nikel, shi ya sa maganaɗisu yake kama su, kuma da zarar rufin ya tsage, danshi da iskar gishiri ta bakin tekun Accra sukan shiga su ci ƙarfen ta ciki har rufin ya kumbura. Na faɗa maka kai tsaye ne domin ni ba a faɗa mini ba sai da kuɗina suka tafi.

Shekarun baya wani mai sayar da tsofaffin kaya ya nuna mini kwabon Turawa na 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, amma babu hudar nan ta tsakiya da akan yi wa irin wannan kwabon. Ya yi ta rantsuwa cewa injin huda ne ya tsallake shi tun a Ingila, ya kira ni Alhaji alhali ko filin jirgi ban taɓa zuwa ba, ya ce wani Bature zai zo ɗauka da yamma. Kuɗin makarantar 'yata na zango guda na ƙirga masa. Bayan kwana biyu na kai wa wani dattijo maƙerin zinariya, ya sa tabaron duba agogo, bai ce komai ba, sai ya miƙo mini in duba da kaina. Ga zobe nan siriri a tsakiya inda aka cike hudar da dalma aka goge, launinsa ma ya fi na sauran jikin duhu. Da na koma, mutumin ya dubi idona ya ce bai taɓa ganina ba. Na bar shi da Allah, amma har yau ba na bin wannan layin. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne daga baya na gane kwabon 1936 ɗin ma an buga shi da yawa, ko da yake sarkin bai cika shekara a kan gado ba.

Abin da dattijon ya koya mini shi ne in tambayi kaina ko aibin ya riga bugu ko ya biyo baya. Idan gefen kwandala ya gutsure tun kafin a buga ta, za ka ga bakin ɗaya ɓangaren da ke fuskantar gutsuren bai tashi sosai ba, kuma rubutu yana dusashewa a hankali zuwa wurin gutsuren. Idan kuwa almakashi ko zarto ne, ƙarfen yakan ture gefe ya bar kaifi da farce zai ji. Wadda ta daɗe a kwata ko ruwan batir ya taɓa ta takan rame, ta yi kaushi ko'ina, gaba da baya. Wuta ma tana tayar da ƙuraje, don haka wadda ta faɗa kurfoti ba abin mamaki ba ce.

Don Allah kada ka wanke ta da lemun tsami da toka kamar yadda wani ya ba ka shawara, domin ko kuskuren gaske ne, goge shi yana zubar da darajarsa. Ka kai ta wurin mai sikelin zinariya tare da wata lafiyayyar fesuwa hamsin a auna su biyun, sannan ka ɗauki hoton gefenta da rana, ba da hasken waya ba, ka turo mana mu sake dubawa.